Ƙasan gidana tudu da kwari ne, falankin roba zai zauna kuwa? Tambayoyi da amsoshi daga bakin mai aikin daɓe a Jos

Tunda wannan falankin roba mai kama da katako ya shigo gari, wanda 'yan kasuwa ke kira SPC wasu kuma suce bainil, kusan kullum sai an tare ni da tambaya, ko a wurin aiki ko bayan an idar da sallah a ƙofar masallaci. Kuma yawanci ba maganar kala bace. Gida ne ake gyarawa, an fasa tayil ɗin falo an bar na ɗakuna, ko kuma an ƙara ɗaki biyu ta baya magini ya zuba nashi jaman fulo ɗin, wato kankaren ƙasan gini, yadda ransa ya so, yanzu kowane ɗaki da nasa tsayin, kana tafiya kamar mai hawa Dutsen Shere kana sauka. To ga tambayoyin na tara su wuri ɗaya.

Wai meye bambancinsa da ledar ɗaki da muka sani tun muna yara?

Danginsu ɗaya, duka akwai robar PVC a ciki, amma halinsu ba ɗaya ba. Ledar ɗaki nadi ce, laushi gare ta, duk yadda ƙasa ta lanƙwasa haka zata bi ta kwanta. Shi kuwa SPC falanki ne mai tauri, cikinsa garin farar ƙasa ne aka cuɗa da roba aka matse, sai hoton katako a sama, sai wata fata mai haske da take kare hoton daga gogewa, yawanci kaurinta milimita 0.3 ko 0.5. Falankin gaba ɗaya baya wuce milimita 4 zuwa 6 a mafi yawan wanda ake kawowa, wasu da ɗan siririn soso manne a bayansu. Ba a kafa shi da ƙusa, ba a sa masa gam, bakin wannan ne yake shiga bakin wancan ya maƙale, shi yasa muke ce masa mai kilik. Gaba ɗaya shimfiɗar sai ta zama kamar faranti guda da aka ɗora akan daɓe. Ka riƙe maganar bakin nan, don duk matsalar da zamu yi magana a kai daga nan take farawa.

Mai shago yace min zai rufe duk wani rami da tudu, ba sai na gyara ƙasa ba. Haka ne?

Allah Ya kiyaye. Shi kayansa yake so ya sayar, ranar da abin zai fara ƙara baya gidan.

Zai rufe maka munin ƙasa, eh, tabo da tsohon fenti da ɗan tsagewa duk ba zaka gansu ba. Amma rami baya cikewa don an rufe shi. Falankin zai tsallake ramin kamar gada, ƙasansa iska ce, duk lokacin da aka taka sai ya ɗan nutsa ya dawo, ya nutsa ya dawo, kuma abinda ke ɗaukar wannan wahalar shine bakin nan na kilik wanda kaurinsa bai fi na kwali ba. Wata uku, wata shida, sai kaji ƙas-ƙas in ana tafiya, daga nan haɗin ya buɗe, ƙura ta shiga, gefen ya ɗago ya fara kama safa. Akan tudu kuma sai ya riƙa lilo, ka taka nan can ya tashi. In bakin ya karye babu gyara sai canji.

To yaya zan gane ko ƙasan nawa ya yi ko bai yi ba?

Kada ka yarda da ido, ido maƙaryaci ne a wannan harkar, ni kaina ya taɓa cuta ta. Wani falo ne na samu babba, daɓen yana sheƙi kamar a lasa, mai gidan yana sauri don ana kawo amarya ƙarshen mako, na duba na ce ai wannan ba sai an auna ba. Bayan wata biyu aka kira ni, tsakiyar falon daidai inda ake ajiye tebur ashe kwari ne, layi huɗu duk sun buɗe. Da kuɗina na sake siyan kwali biyu na falanki, kuma ban samu kalar da ta zo daidai ba.

Ka nemi renji, wannan doguwar sandar alminiyon da masu filasta ke jan bango da ita, mai mita 2 ko 3, ka tabbatar ita kanta bata lanƙwashe ba. Ka kwantar da ita a ƙasa, ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashinta, in da hali wani ya haska maka tocilan daga ɗaya gefen. Duk inda haske ya wuce ka zagaye da alli. Ka juya ta tsaye, ka juya ta kwance, ka yi ta kusurwa zuwa kusurwa, musamman bakin ƙofa da gindin bango inda magina suka fi yin ha'inci. Abinda yawancin kamfanoni ke rubutawa a takardar cikin kwali shine kada ratar ta wuce kamar milimita 5 a tsawon mita 3, in da renjin mita 2 kake aiki ka tsaya akan milimita 3. In har bironka ya iya shiga ƙarƙashin renji, ratar ta ma wuce haka, wurin nan sai an taɓa shi.

Ga wani abu da mutane ke rikitawa. Ƙasa ta zama lebur daban, ta zama miƙaƙƙiya daban. Ɗaki zai iya karkata kaɗan gaba ɗayansa, ka ajiye ƙwallo ta gangara a hankali zuwa ƙofa, amma in renji ya kwanta lif ba rata a ko'ina, falanki zai zauna lafiya lau. Abinda baya so shine igiyar ruwa, hawa da sauka a cikin taku biyu. Don haka kada wani ya sa ka kashe kuɗin buhu ashirin wai sai kumfar fulam, abin da magina ke duba lebur dashi, ta tsaya a tsakiya.

Falona ya fi ɗakin kwana tudu, korido kuma ya fi su duka ƙasa. Dole sai na daidaita gidan gaba ɗaya?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi, kuma amsar ba dole bane. Gidajenmu na cikin gari irin na Anguwan Rogo, Gangare, Dilimi, Rikkos, da yawa ba rana ɗaya aka gina su ba, kaka ya yi ɗaki biyu, uba ya ƙara falo, ɗa ya zo ya rufe tsakar gida ya mayar da ita korido. Kowa da magininsa kowa da zamaninsa, wani wuri tarazo wani wuri daɓen siminti wani wuri tayil. Ko a sabon gida ma, tayil ɗinmu ba akan gam siriri ake ɗora shi ba, akan kwaɓin siminti ne mai kauri, don haka ranar da ka fasa shi ka kwashe ɓaraguzan sai kaga ƙasa ta sauka santimita 3 ko 4 ko fiye.

Abu na farko, ka samo wuri mafi tudu a gidan wanda ba zaka taɓa ba, daga shi ake lissafin komai. Tiyo siriri mai ruwa a ciki irin na magina ya isa, ko na'urar leza in mai aikinka yana da ita, a ja layi ɗaya a bangon duka ɗakuna, sai a auna daga layin zuwa ƙasa a kowane ɗaki a rubuta a bango. Nan zaka ga gaskiyar lamarin da lamba, ba da "kamar ya ɗan fi" ba.

In bambancin kaɗan ne, milimita 2 ko 3, ana shafe bakin da siminti mai laushi a baje shi ya ɓace, falanki ya wuce abinsa kamar ba komai. In ya kai milimita 5 zuwa 10 kuma kana so shimfiɗar ta zarce ba yanka, to sai an yi gangare mai tsawo sosai, ni bana yarda in tattara santimita ɗaya a ƙasa da mita ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma ko hakan ma sai na sa renji na ga babu wani ƙashin baya da ya fito a inda gangaren ya fara. Yawancin lokaci wahalar bata biya, gara a yanka a dokin ƙofa.

Yankan nan shine maganin da mutane ke gudu alhali shi yafi sauƙi kuma yafi daɗewa. Kowane ɗaki a gyara shi shi kaɗai ya miƙe, a shimfiɗa masa nasa, a bakin ƙofa a sa ƙarfen haɗi. In tsayin ɗaya ne akwai mai siffar T da yake rufe ratar. In wani ya fi wani akwai mai gangare, wanda a kasuwa ake ce masa ridiyusa, gefe ɗaya sama gefe ɗaya ƙasa, na alminiyon ko na roba mai kalar falankin. Ka sa shi daidai ƙarƙashin ƙyauren yadda in an rufe ƙofa ba a ganinsa. Kuma a daɓe ake kafa shi, ba a jikin falanki ba, falankin yana shiga ƙarƙashin leɓensa ne kawai ya samu wurin motsi.

In kuwa abin ya kai santimita 4, 5 ko sama, zaɓi biyu ne, ko a cike ɗakin da yake ƙasa da kwaɓin siminti, ko a bar shi ya zama mataki na gaskiya a sa masa ƙarfen bakin mataki kowa ya san da shi. Wanda na tsana shine ɗan tudun nan na santimita 2 da ba a gani sai an yi tuntuɓe. In akwai tsohuwa a gidan, ko mai sanda, ko mai keken guragu, ko yara masu koyon tafiya, to a nan kam zan ce maka Alhaji a daure a kashe kuɗin a daidaita. A Amurka ƙa'idar gine-ginen da aka yi don masu buƙata ta musamman cewa tayi tudun da ya wuce kwatan inci, kamar milimita 6 kenan, sai an yi masa gangare, wanda ya wuce rabin inci kuma sai an yi masa hanyar gangare sosai. Ba dokarmu bace amma ma'auni ne mai kyau in kana tunanin ƙafar Hajiya babba da asuba ba wuta.

Me zai hana a ninka soso biyu ko uku a ɗakin da yake ƙasa kawai ya taso?

Kar ka soma. Soso laushi ne, yawansa yana ƙara wa falanki nutsewa ne, wato ramin da kake gudu ka shimfiɗa shi a ɗakin gaba ɗaya. Wanda ya zo da sosonsa a manne ma yawancin kamfanoni sun hana a ƙara masa wani. Kwali, tsohon kafet, buhun siminti da aka ninke, duk na gani an cusa, duk kuma na dawo na cire.

Self-lebulin ko siminti da yashi, wanne zan yi amfani dashi?

Ya danganta da zurfin. Self-lebulin wani garin siminti ne na musamman da ake damawa ruwa-ruwa kamar kunu, a zuba ya bi kwari ya kwanta. Aikinsa gyaran ƙananan ramuka ne, daga milimita 2 ko 3 zuwa kamar santimita ɗaya, wasu nau'in suna ɗaukar fiye da haka, a jikin buhu ake rubutawa. Amma fa yana da tsada, kuma yana cin buhu fiye da yadda mutane suke zato. Lissafin shine kusan kilo 1.6 akan kowace sikwaya mita a kaurin milimita ɗaya. Ɗaki mai mita 4 da 4 sikwaya mita 16 kenan, in zaka tashe shi milimita 5, 16 sau 5 sau 1.6 ya baka kilo 128, wato buhu bakwai na mai kilo 20. Yanzu kace santimita 3 zaka cike dashi, ka ninka sau shida ka gani ko zaka yi barci. Don haka zurfi mai yawa na siminti da yashi ne, kwano ɗaya na siminti uku ko huɗu na yashi mai kaifi, in ya bushe sai a bi da self-lebulin siriri a sama in da buƙata.

Akasin haka ma kuskure ne, a ce za a cike ramin milimita 5 da kwaɓin siminti da yashi. Baya kamawa, in ya gaza kamar santimita 2 da rabi ɓarewa yake kamar ƙanzo, sai kaji yana ƙurmus-ƙurmus a ƙarƙashin falanki.

Sunan nan na self-lebulin ma yaudara ne kaɗan, baya baje kansa shi kaɗai, sai an taimaka masa da cokalin filasta da abin birgima mai ƙayoyi da yake fitar da kumfa. A share ƙasa tas, a shafa firaima, wani ruwa ne da ke sa kwaɓin ya kama daɓe, a bari ta sha iska, in an tsallake firaima daɓen zai tsotse ruwan kwaɓin ya bar maka ƙananan ramuka kamar fuskar waina. Ruwa a auna shi da lita yadda aka rubuta, ba lebura ya ƙara don yaga yayi kauri ba. A toshe bakin ƙofa da duk wata ɓula da katako ko soso, in ba haka ba zaka same shi a korido. Kuma minti ashirin ne kawai kusan kake dashi kafin ya fara kamewa, mutum uku ake so, mai dama, mai ɗauka, mai bajewa. Ka tanadi janareto don injin damawa, kada a ɗauke wuta buhu na uku yana cikin bokiti.

In tudu ne fa ba rami ba?

A ci shi da giranda mai faifan daimon. Sau da yawa tudu ɗaya ne a tsakiyar ɗaki yake sa ko'ina ya zama kamar kwari, ka rage shi sai kaga buhu bakwai ya koma biyu. Shi yasa kullum tudu ake fara bi kafin rami.

Ƙurar siminti tana lalata huhu, ba wasa ba, a sa takunkumi na gaske ba hankici ba, a ɗan yayyafa ruwa, a fitar da yara da masu asma. Sannan in gidanka tsoho ne irin kwatas ɗin gwamnati ko gidajen zamanin kamfanonin kuza a wajen Rayfield da Bukuru, ka ɗaga kafet ka tarar da wasu ƙananan tayil ɗin roba masu inci 9 da baƙin gam kamar kwalta a ƙasansu, kada ka sa musu giranda sam. Irin waɗannan na kafin shekarun 1980 da yawansu akwai asbestos a ciki, ƙurarsa tana jawo cutar huhu da kansa bayan shekaru. In suna zaune daram a rufe su a wuce.

Zan iya ɗorawa akan tsohon tayil ko tarazo ba tare da na fasa ba?

Tarazo kam abokin aiki ne, tsofaffin masu tarazo sun iya aiki, yawanci renji yana kwanciya a kansa lif. A wanke maiƙon polish a cike tsaga shikenan.

Tayil sai an bi shi ɗaya bayan ɗaya ana ƙwanƙwasawa da ƙotar sukundireba. Wanda yayi ƙarar ganga ƙasansa rami ne, a cire shi a cike gurbin. Wanda bakinsa ya fi na maƙwabcinsa tashi a goge bakin. Layin tsakani in yana da faɗi ko zurfi, kamar ya wuce milimita 5, a cike shi. Amfanin barin tayil shine ka huta da ɓaraguzai da kuɗin tifa, kuma baka ƙirƙiro sabon bambancin tsayi ba. Sau da yawa shawarar da nake bayarwa kenan, Oga kada ka fasa na falo tunda ba zaka fasa na ɗaki ba.

An yi sabon daɓe, kwana nawa zan jira?

Nan ne ake faɗa da ni. Siminti yana yin tauri da wuri amma baya bushewa da wuri, abu biyu ne daban. Lissafin da aka saba dashi shine kusan kwana ɗaya akan kowace milimita, wato daɓen santimita 3 wata guda kenan, kuma wannan a yanayi mai kyau ne. In a watan Yuli ko Agusta ne da ruwan Jos baya ɗaukewa, wanki ma yana kwana uku akan igiya, to ka ƙara haƙuri. Self-lebulin siriri shi yana sauri, ana taka shi bayan 'yan awanni, shimfiɗa kuma bayan kwana ɗaya zuwa uku gwargwadon kauri da abinda buhu ya faɗa.

Mutane suna cewa ai roba ce ruwa baya mata komai. Falankin ba zai ruɓe ba gaskiya ne, amma danshin da ka rufe ina zai je? Zai zauna a ƙasa yayi funfuna, ɗaki ya riƙa warin rima, sikatin, wato allon da ake zagaye gindin bango dashi, ya fara baƙi, fentin gindin bango ya kumbura. Gwaji mai sauƙi, ka yanko leda mai kauri kamar rabin mita ko'ina, ka manne gefunanta huɗu da salatif a ƙasa, ka bari kwana ɗaya cur. In ka ɗaga kaga raɓa a jikinta ko wurin yayi duhu, bai yi ba. In gidan dama can yana tsatsafo da ruwa daga ƙasa don ba a sa leda ƙarƙashin jaman fulo ba, irin gidajen da ke gangaren rafi, wannan kuma sai an yi maganinsa tukuna, falanki ba zai tare shi ba. Akan siminti dai ni kullum ina shimfiɗa leda kafin falanki.

Sanyin Jos yana shafarsa?

Ai sanyin ne ma yasa mutanenmu suke sonsa, wanda ya taɓa sauko da ƙafa akan tayil da asubar watan Janairu ya san dalili. Garin yana sama da mita 1,200 daga teku, dare yana sauka kusan digiri 10 a hunturu, rana ta fito kuma ta dake shi ta taga. Roba tana miƙewa da zafi tana tsukewa da sanyi, SPC bai kai sauran ba amma yana yi. Shi yasa ake barin rata milimita 6 zuwa 10 tsakaninsa da bango duk zagaye, da jikin ginshiƙi da bututu da firem ɗin ƙofa, sikatin ne zai rufe ta. Wanda ya matse shi da bango a Disamba zai ga tsakiyar ɗaki ta yi tozo a Maris.

A shigo da kwalayen ɗakin su kwana biyu a kwance, ba a jingine ba. Kuma da sanyin safiya bakin kilik yana saurin karyewa in an buga, ni sai hantsi ya ɗaga nake farawa. Self-lebulin kuma iskar hunturu tana busar da samansa kafin cikinsa ya kama sai ya tsattsage, a rufe tagogi ranar zubawa.

Ƙofofi fa, ba zasu riƙa gogar ƙasa ba?

Zasu goga in ba a yi lissafinsu tun farko ba. Ta katako kafinta zai cire ya rage mata ƙasa, minti goma. Matsalar ita ce ƙofar ƙarfe irin ta Turkiyya ko ta Chaina da aka binne firem ɗinta a siminti, wannan bata yankuwa cikin sauƙi. Don haka kafin ka ce a tashi korido santimita 3, ka buɗe ƙofar shigowa ka auna ratar da ke ƙasanta. Wani lokaci ita ce take yanke hukuncin tsayin gidan gaba ɗaya, ba kai ba.

Bayi da kicin su ma a daidaita su da sauran?

Bayi a'a! Da gangan ake sauke shi ƙasa da ɗaki kuma a karkata shi zuwa magudana, don ruwan wanka da na alwala kada ya fito. Ka barshi da tayil ɗinsa, a bakin ƙofa a sa ƙarfen ƙarshe ko dutsen mabul, a bi da silikon. Kicin ana iya sawa, amma a fara kafa kabad ɗin a daɓe sannan falanki ya zo ya same su, kada a ɗora kabad mai dutse a kansa ya danne shi ya hana shi motsi. Haka wadirob ɗin da ake kafawa a bango. Firij da kujeru da gado ba komai.

Naji akwai wanda ake mannawa da gam, ba zai fi dacewa da ƙasa mara kyau ba?

Ta wani gefen eh. Shi siriri ne, milimita 2 zuwa 3, yana lanƙwasa ya bi gangare, bashi da bakin da zai karye, don haka inda ya zama dole a hau gangare ba yanka yafi mai kilik. Amma duk wani ƙwayar yashi ko layin tayil da ke ƙasa sai ya fito a fuskarsa bayan 'yan makonni, wato ƙasan sai ta yi sumul kamar gilashi, kuma danshi kaɗan yana sakin gam ɗin. Ba gudun gyaran ƙasa zaka yi dashi ba, wani irin gyaran zaka koma.

Gidan haya nake, mai gida ba zai yarda in zuba siminti ba.

To ka tsaya akan mai kilik, ɗaki-ɗaki, ridiyusa a kowace ƙofa a manne shi da silikon maimakon huda tayil. Ranar tashi ka kwance abinka daga layin ƙarshe ka koma baya, in an bi a hankali yawancinsa zai sake aiki. In kuma renji ya nuna ɗakin ya lalace da yawa kuma an hana ka gyara, gaskiya ka sayi ledar ɗaki mai kauri ko kafet ka adana kuɗinka.

An riga an shimfiɗa min, yanzu wani wuri yana nutsewa yana ƙara. Sai an cire duka?

Ba lallai ba. A cire sikatin na bangon da yafi kusa, a kwance layi-layi ana rubuta lamba a bayan kowane falanki har a iso wurin, a cike ramin, a bari ya bushe, a mayar. Waɗanda bakinsu ya karye a canza su, anan ne zaka gode wa kanka in ka ajiye kwali ɗaya a sito, shi yasa nake cewa a ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari akan awon ɗaki tun ranar siya, don kalar da aka kawo bana da wuya ka same ta baɗi, ko ka aika kasuwar kayan gini ta Dei-Dei a Abuja. Amma kafin a kwance komai a fara duba ratar bango, wani lokacin ba rami bane, matsewa ce tasa ya tashi, a rage masa gefe kawai ya kwanta.

Hajiya tace a tambaya, za a iya wanke shi da bokiti, kuma turaren wuta fa?

Ranki ya daɗe, mofa mai ɗan danshi ta isa. Kwara ruwa a ja da tsintsiya irin na tsakar gida, ruwan zai bi ratar gefe ya gangara ya taru a wuri mafi kwari a ƙarƙashi, kuma ba ta inda zai fita. Kaskon turare kuma da na gawayin jin ɗumi kada a ajiye su kai tsaye, garwashi ɗaya ya faɗo ya bar tabon da ba ya gogewa, gindin kaskon ma kaɗai in yayi zafi yana narka fatar sama. A samu ragowar tayil guda babba a riƙa ɗorawa akai. Turmi kuma a fita dashi waje.